Mayik Ɗin da Ba a Kashe Ba

Kafin in fara, ku san abu ɗaya game da ni: ina da in'ina. Ba 'yar sarƙewar harshen nan da mutum ke yi in ya ji kunya ba. Ta gaske nake nufi, wadda kalma za ta tsaya min a maƙogwaro har jijiyar wuyana ta tashi, mai saurarona ya rasa inda zai ajiye idonsa. A rubutu ne kawai nake gudu kamar kowa, don haka yau ku bar ni in yi guduna, kada wanda ya tare ni.

A gidanmu ba a taɓa barina na kai ƙarshen magana ba. In na ce, "Umma, ina so-so-so..." sai Umma ta ce, "Ruwa? Ga shi can a firij." Ko ba ruwan nake so ba, haka zan je in sha. Mu biyu ne 'ya'yan gidan, ni da Auta, kuma Auta ce bakin gida. Fara ce, doguwa, in tana dariya har maƙwabta sai sun san an yi abin dariya. In baƙi suka zo ita ake turawa ta zauna da su, ni kuma in kai tire in ajiye in fito. Ranar da na ce harkar fim zan karanta a jami'a, Umma ta gyaɗa kai ta ce, "Ya yi daidai. Ai mai riƙe kyamara ba ya magana."

Sai kuma shi. A gida Ɗan Rediyo suke ce masa, don shi ke karanta tallace-tallace a wani gidan rediyo, kuma yana da shirin gaishe-gaishe da yamma. Mun haɗu ne ranar da ajinmu ya kai ziyara wurin aikinsu. Na ɗaga hannu zan yi tambaya, kalmar ta maƙale, 'yan aji suka fara gyara zama suna tari. Shi kuwa ya harɗe hannu ya jira ni. Bai ƙarasa min ba, bai kalli agogo ba. Da na gama ya ce, "Tun safe ba a yi min tambaya mai kyan wannan ba." Jama'a, ku da kuke magana ba wahala ba za ku gane ba. A ranar na adana lambarsa da suna Mai Jira.

Ya fi shekara yana zuwa gidanmu. Umma ta sa ni a gaba, safe da yamma: "Wai sai yaushe zai turo manyansa? Ko muryar za mu ci gaba da sha?" Wani lokacin tana shafa min kai take faɗa: "Ki riƙe shi da kyau. Irinki, samun mai haƙuri haka ba kullum ba ne." Ana nan sai kawai ta daina tambaya. Na ɗauka gajiya ta yi, har na yi wa Allah godiya.

A wannan zangon ne Dokta, malamin da ke koya mana haɗa fim, ya ba mu aiki. Ya tsaya gaban allo da tabon alli a gwiwar hannunsa ya ce, "Gajeren fim, kada ya wuce minti biyar. Maudu'i: rabuwa. Magana kaɗan. Ku rubuta da kanku, ku ɗauka da kanku, ku haɗa da hannunku. Wanda ya kai wa ɗan kasuwa ya haɗa masa, zan gane tun daga hoton farko."

Nawa labarin mai sauƙi ne. Miji zai yi doguwar tafiya, mota na jiransa a waje, matarsa tana goge masa riga. Ta goge wuya, ta goge hannu, ta koma wuyan, ta sake komawa hannun, don kawai kada ya tafi. Shi kuma yana tsaye da jakarsa, ya san abin da take yi, bai ce ta yi sauri ba. Da na tura wa Ɗan Rediyo labarin, ya amsa nan take: "Daraktata, ni ne mijin nan, kada ki ba kowa." Matar kuma wata 'yar ajinmu na so in sa, amma Umma ta ji ni ina waya ta leƙo da ludayi a hannu.

"Ga ƙanwarki a gida za ki je neman bare? Wa ya kai Auta kyau a hoto?"

Ban yi musu ba. Ni da hannuna na tsayar da su gaban kyamara ɗaya.

Ranar ɗauka muka juya falonmu. Na cire furannin roba da ke kan talabijin, na sauke agogon bango don ƙarar tafiyarsa tana shiga mayik, na kashe firij, na ja labule ɗaya na bar ɗaya don hasken taga ya faɗi kan teburin guga. Ƙawata Tabarau, wadda muke aji ɗaya, ita ce mai sauti. Ta maƙala wa Ɗan Rediyo ɗan ƙaramin mayik a cikin wuyan singiletinsa, na'urar da ke naɗar sautin kuma ta saka masa a aljihun wando. Kyamara daban take ɗaukar hoto, na'urar daban take ɗaukar murya, sai a wurin editin, wato haɗa fim a kwamfuta, ake aurar da su.

Auta ta fito cikin shuɗiyar atamfata, wadda ya taɓa ce min tana yi min kyau, wai ita ce ta dace da kalar bango. Ta sha hoda, ta sa gashin ido kamar mai zuwa biki.

"Matar da mi-mijinta zai tafi ba ta sa ga-gashin ido," na ce.

"To ni tawa matar tana sawa," in ji ta, tana duba fuskarta a waya.

"Ƙyale ta, Darakta," ya ce yana murmushi. "Sai mijin ya fi jin zafin tafiyar."

Muka fara. "Akshan", kalmar fara ɗauka, ba ta cika wahalar da ni ba, in na ja numfashi takan fita. "Kat", ta tsayar da ɗauka, ita ce abokiyar gabata. Harafin nan na farko yakan tsaya min a ganɗa kamar ƙashin kifi. Sai a gama abin da na rubuta, Auta ta ajiye dutsen guga, shi ya ɗauki rigarsa, ni kuma ina bayan kyamara ina fama, "K-k-k-k..." su kuma dole su tsaya a yadda suke har sai ta fito. Saboda haka kowane hoto da na ɗauka yana da doguwar jela a bayansa. A lokacin ban kula da abin da ke cikin jelar ba, hankalina yana kan harshena.

Muna tsaka da aiki batirin kyamara ya mutu, ɗayan kuma Tabarau ta manta shi a ɗakinta. Muka yafa mayafi muka fita da sauri mu ɗauko, muka bar su a falo, Umma tana kicin. Da muka dawo na tarar da kofunan lemo uku a kan tebur, Auta tana goge ƙwallar dariya da gefen ɗankwali don kada ta ɓata kwalliya.

"Me-me aka yi?"

"Ba komai," in ji Umma tana kwashe kofuna. "Yaron nan ne da barkwancinsa."

Ɗakin editin na sashenmu siriri ne kamar lungu. Kwamfutoci a jere, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar ruwa cikin wani bokitin fenti, madannan sun goge har sai ka haddace inda kowane harafi yake. Kowa da hedifon a kunne, ba mai kula kowa. A nan na fi jin daɗin duniya, don a nan ni ke cewa wane ya yi magana, wane ya yi shiru, kuma ba da baki ba.

Na jera hotunan, na fara yanke jelar kowanne. A na farko ban ga komai ba. A na biyu na tsaya. Auta ta miƙa masa rigar, an gama abin da na rubuta, ana jin muryata a nesa ina k-k-k, shi kuma bai saki kallonta ba. Ita ma ba ta sunkuyar da kai ba. Gefen bakinta ya ɗan motsa, nasa ma ya motsa. Na mayar baya, na rage gudun hoton, na sake kallo. Na ce a raina, kai, Allah ya ba ni 'yan wasa. A wani hoton dutsen guga ya ɗan taɓa mata yatsa, ya yar da jakar ya yo kanta, "Mu gani, mu gani!" Na taɓa ƙonewa da ruwan zafi a gabansa, abin da ya ce min shi ne in riƙa kula.

Duk da haka na ci gaba da ba kaina haƙuri, har na zo kan sautin. A cikin abin da na'urar aljihunsa ta naɗa akwai wani dogon yanki da ba shi da hoto. Tabarau ta manta ba ta kashe ba lokacin da muka fita ɗauko batir. Na kai hannu zan goge, sai na ga layin sautin ya yi tsalle sama, alamar an yi ƙara. Na danna.

Ƙarar rufe ƙofa. Shiru kaɗan. Sai muryata.

"K-k-k-k-k... ku tsaya, tana zuwa... k-k-k... ta kusa... k-kat!"

Muryata ce sak, har da ɗan numfashin da nake ja ta hanci kafin kalma ta fita, har da yadda ƙarshenta ke yin sama kamar mai neman gafara. Ban taɓa sanin wani ya saurare ni da kyau haka ba. Auta ta fashe da dariya har tana buga teburin guga.

"Wayyo cikina! Sake yi, don Allah sake yi! Yi na ranar da ta ce tana son ka."

Ya gyara murya. "Ni ma ina s-s-s-s... ina s-s-s... Wallahi kafin ta kai ƙarshe har na tuna ban kulle mota ba, na je na kulle a raina na dawo."

Ƙarar tire, ƙarar kofuna. Sai muryar Umma, tana dariya ƙasa-ƙasa irin ta manya: "Kai dai Allah ya shirye ka." Ta zuba lemo, ina jin saukarsa a kofi. "Ku dai ku ƙara haƙuri ta gama jarrabawar nan, kada ku ɓata mata karatu, shi ne abin da za ta riƙe. Na riga na shawo kan babanku. Ita kuma ni na san yadda zan faɗa mata."

"In ta ce ba ta yarda ba fa?" ya tambaya.

Auta ce ta amsa. "Kafin ta gama cewa ba ta yarda ba ai an gama komai."

Suka yi dariya su uku.

Na cire hedifon na ajiye a hankali. Ruwa yana ta ɗiga a bokiti. Na kusa da ni yana ta gyaɗa kai, yana bin kiɗan fim ɗinsa. Ban yi kuka ba, kada ku ɗauka na yi. Wani sanyi ne ya taso min daga tafin ƙafa ya zauna a ƙirjina, kuma har yau da nake rubuta muku bai tashi ba. Na tura sautin gaba ɗaya cikin wayata, na kashe kwamfuta, na tafi gida.

Umma ta zuba min abinci da kanta, har da ƙarin nama. Auta ta tambaye ni ko ta yi kyau a fim ɗin, na gyaɗa kai. Waya ta yi ƙara.

Mai Jira: "Daraktata, ya aiki? Kin ci abinci?"

Ni: "Na ci. Ka yi ƙoƙari sosai a fim ɗin."

Mai Jira: "Hannu mai kyau ne ya riƙe kyamarar."

Ina karantawa, wayar Auta ta yi haske a kan kujera. Ta ɗauka ta kifa ta a cinya tana murmushi.

Dokta ya ce ranar nuna fina-finai kowa zai iya gayyato 'yan wasansa. Daga nan na san abin da zan yi. Na haɗa fim ɗin da duk iyawata. Ban yanke jelar nan ta biyu ba, na bar kallon yadda yake, dogo, ba kiɗa. Bayan mijin ya fita an rufe ƙofa, sai na sa allo ya yi baƙi, na ɗora sautin a kai, tun daga kwaikwayon muryata har zuwa maganar Auta ta ƙarshe. Na so ɗaki cike da mutane ya ji. Na so su juya su kalle su biyun.

Tabarau ta saurara ta cire tabaranta ta goge da mayafi.

"Ni na manta ban kashe ba. Ki yafe min."

"Gara da ki-kika manta."

"Amma kada ki sa wannan. 'Yan ajinmu ne fa. Kin san su."

"Za su ji."

"Za su ji abin da suke so su ji," ta ce. Ban saurare ta ba.

Ranar ta zo. An rufe tagogin babban ɗakin karatu da baƙaƙen ledoji, an kunna majigi. Auta ta zo cikin doguwar riga ruwan zuma da mayafi siriri, ƙamshinta ya riga ta shiga. Shi kuma ya sa farar shadda, 'yan mata na ta zunɗensa, "Shi ne mai shirin yamma." Suka zauna a layin gaba, suka bar kujera ɗaya a tsakaninsu saboda ni. Na ce zan tsaya a baya wurin kwamfuta.

An nuna na mutum shida ko bakwai kafin nawa, ana ta hamma. Da nawa ya fara, ɗakin ya yi tsit. Dutsen guga yana tafiya yana dawowa a kan wuyan riga. Da aka zo kan kallon, wata a tsakiya ta ce, "Wayyo Allah," a hankali. Mijin ya fita. Allo ya yi baƙi. Na riƙe gefen tebur.

"K-k-k-k-k... ku tsaya, tana zuwa..."

Ɗakin ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Maza suna buga benci, wani ya faɗo daga kujera, wata tana ihu, "Wallahi ita ce! Ita ce sak!" Kafin su lafa aka zo kan "ina s-s-s-s", suka sake tashi sama da na farko. Muryar Umma tana fita daga lasifika, ina ganin layin sautin yana tafiya a kwamfuta, amma ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Maganar jarrabawa ta wuce cikin tafi. Maganar Auta ta wuce cikin fito. Aka kunna fitila, duk suka juyo baya, ni suke kallo, suna share hawaye.

"K-k-k-kat!" wani ya yi ihu daga gefe, aka sake kwashewa.

Dokta ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Abu biyu," ya ce. "Na ɗaya, kallon nan bayan ta miƙa rigar. Shekaru nake koyarwa ban ga ɗalibi ya samo irinsa daga 'yan wasa ba. Ki faɗa wa 'yan'uwanki yadda kika yi." Na buɗe baki, ya ga alamar za a daɗe, ya ci gaba. "Na biyu, ƙarshen. Darakta ta yi wa kanta dariya, wannan ƙarfin hali ne. Sai dai kin bar sautin ya yi tsawo, bayan barkwancin akwai surutun da ba a ji. Ki yanke shi. Ina mai muryar? Tashi a gan ka."

Ya tashi. Na ga wuyansa ya jiƙe da gumi, amma ya juyo ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, aka yi masa tafi. Auta ba ta juyo ba. Su biyun sun san abin da ke cikin surutun da ba a ji ba. Kafin in naɗe wayoyin kwamfuta sun fice. A hanyar fita daga sashen, mutum uku suka ce min k-k-kat, ɗaya daga cikinsu ban ma san shi ba.

Na iso gida bayan la'asar na tarar ana jirana. Baba yana kan kujerarsa da carbi, Auta ta kifa kai a cinyar Umma tana sheshsheƙa, gashin idonta ɗaya ya ɓalle ya maƙale a kumatu.

"Sannu da zuwa, Darakta," in ji Umma. "Sannu. Muryata kika kai makaranta aka saka a lasifika? Ni? A gaban ƙartin maza?"

"Umma, ku-ku-ku..."

"Mu ne me? Mu da muke lallaɓa ki kamar ƙwai? Don kada ki faɗi jarrabawa muka yi shiru, shi ne laifinmu? Yaron nan ya zo da kansa ya ce zuciyarsa ta karkata, ya za mu yi, mu ɗaure shi? Da ya fita waje ya auro bare fa? Ai gara abin ya tsaya a cikin gida. Ke ko kishin 'yar'uwarki ba kya yi, ki dube ta, tun da ta dawo take kuka."

Na kalli Baba. Shi kaɗai na kalla. Ya ja carbinsa, idonsa a kan kafet.

"Abin da ya faru ya faru," ya ce. "Ke ce babba. Ki ba ƙanwarki haƙuri a wuce wurin."

Na tsaya a tsakiyar falon da na share da hannuna don fim. Na ja numfashi ta hanci. Kalma uku kawai nake so in faɗa, ban yafe ba, kuma na rantse a raina sai sun fita ko da haƙorina zai zube.

"Ba... ba-ba-ba... ba..."

"Ba komai," Umma ta ƙarasa. "Kin ji, Auta, ta ce ba komai. Tashi ki wanke fuska." Ta juyo gare ni, muryarta ta yi laushi. "Allah ya yi miki albarka. Naki yana nan zuwa. Ranar Asabar manyansa za su zo ganin babanku da kawunku, ki aro mana kyamarar nan ta makaranta, a samu abin tunawa. Tunda kin iya."

Ɗaki ɗaya muke kwana da Auta, gado biyu, durowa ɗaya. Na zauna a bakin gadona ban ko cire mayafi ba. Ba a jima ba ta shigo da fuska a wanke, ta buɗe durowa ta fara fito da kaya tana zubawa a gado, tana jan hanci kaɗan-kaɗan don kada a ce ta warke da wuri.

Wayata ta yi ƙara. Na ɗauka haƙuri zai bayar, ko zagi.

Mai Jira: "Har ina kika saurara?"

Na maimaita karantawa. Wani saƙon ya sake shigowa.

Mai Jira: "Asalin sautin nake nufi. Ki goge shi. Abin da ke gaba bai shafe ki ba."

Mai Jira: "Don Allah."

Ni dai a kan dariyarsu na tsaya, ban taɓa wuce nan ba. Na lalubo abin saurare na kunne a jakata na saka, na ja sautin zuwa inda na tsaya. Kofuna. Umma ta ce Auta ta zo ta taya ta sauke tukunya. Takunsu ya yi nisa. Sai ƙarar danna waya, sai muryarsa, ba ta rediyo ba, wata busasshiya da ban taɓa ji ba.

"Kai, ina gidan. Wai fim muke yi... A'a, na koma kan ƙaramar. Ashe ita ce 'yar gaban goshin kawun nasu, shi da ke riƙe da gidan talabijin ɗin. In ta ce a ɗauke ni, an ɗauke ni. Shekara guda na ɓata ina jiran waccan ta haɗa jimla." Ya saurara, ya yi dariya. "Wace soyayya? Babbar ba ta iya magana ba, ƙaramar ba ta iya shiru ba. Ji yadda take." Sai ya siranta murya, ya zama Auta, har da shagwaɓar da take ja a ƙarshen kalma: "Ni dai ka ce na fi kowa kyau, ni dai ka faɗaaa." Ya koma tasa. "In na shiga na zauna da ƙafata, sai a ga abin da hali zai yi. Ni ban yi wa kowa alkawarin tsufa da shi ba."

Na saurara har su Umma suka dawo aka ci gaba da dariya, har ƙarar buɗe ƙofa, har muryata ta gaske tana tambayar me aka yi.

"Yaya." Auta ce a tsaye gaban madubi, leshi ja a kafaɗar dama, ruwan goro a ta hagu. Rabon da ta kira ni Yaya har na manta. "Tunda dai kin haƙura, wanne zai fi fitowa a kyamara ranar Asabar?"

Na kalle ta. Wayar tana hannuna, abin kunnen ɗaya yana lilo a ƙirjina, miƙa mata shi ba zai ɗauke ni komai ba. Na ɗaga yatsa na nuna jan.

"Na sani!" ta ce, ta juya tana kara shi a jiki.

Na koma kan saƙonsa. Yana nan a kan layi, yana rubutu yana gogewa. Na bar shi ya jira, tunda an ce ya iya. Sannan na rubuta masa:

"Har ƙarshe na saurara. Ban goge ba. Ka sa farar shadda ranar Asabar, kuma ka zauna kusa da Kawu, ta nan hasken ya fi kyau."